Yadda A Ke Auna Lafiyar Shuka Da Hasken Da Ganye Ke Mayarwa

Duk manomin da ke Kunduru, ko wani ƙauye na ƙasar Kankiya da Kusada, in ya tsaya a bakin gonarsa cikin watan Yuli ya kan san halin da geronsa ke ciki tun bai shiga kunya ba. In ganye ya yi kore shar har yana neman yin baƙi, ya san taki ya kama. In kuwa ya yi fatsi-fatsi, to, ya san akwai magana. Wannan duba da ya ke yi awon haske ne, ko da ya ke shi ba haka ya ke kiransa ba. Abin da masana suka ƙara shi ne sun sa na'ura ta yi awon ta ba da lamba, ta kuma ga wani irin haske wanda idon ɗan adam ba ya gani. Ya kamata malaman makaranta da ma'aikatan ofis su san yadda abin ya ke, domin wani sashe na rahoton damina da ke zuwa gaban hukuma a yau daga nan a ke samo shi.

Hasken rana da mu ke gani fari, haɗin launuka ne, waɗanda bakan gizo ke rarrabewa, daga shuɗi zuwa ja. A 1800 wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, ya rarraba hasken da gilashi mai kusurwa uku, ya ajiye ma'aunin zafi gaba kaɗan da inda ja ya ƙare, wurin da ba a ganin kome. Sai ma'aunin ya hau. Watau akwai haske a bayan ja, ido ne kawai ba ya kai gare shi. Malamin da ke son nuna wa yara wannan ba ya bukatar kayan gwaji masu tsada: ya ɗauki rimot na talabijin ya danna shi a gaban kyamarar wayar hannu, wayoyi da yawa za su nuna ɗan haske yana ƙyaftawa a bakinsa, alhali ido bai ga kome ba.

To, ganye mai lafiya yana yi wa waɗannan hasken biyu abu dabam-dabam. Jan haske ya kan shanye shi kusan duka, domin da shi sinadarin nan mai sa ganye kore ke haɗa wa shuka abinci. Na bayan ja kuwa ba ya amfani da shi, sai ya mayar da kusan rabinsa sama, saboda cikin ganyen kamar soso ya ke, ga ƙananan ɗakuna ga iska a tsakani. In fari ya kama shuka, ko yunwar taki, ko cuta, sai koren ya ragu, ganyen ya yi kaɗan, ƙasa ta riƙa leƙowa. Sa'an nan jan da ke komawa sama ya ƙaru, na bayan ja ya ragu.

Lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji shida ba. A ɗebe ja daga na bayan ja, a raba abin da ya saura da jimlarsu. A misali, gonar da ta mayar da kashi 50 cikin ɗari na bayan ja da kashi 8 na ja, 42 ke nan a raba da 58, ya ba da 0.72. Wadda ta mayar da 30 da 15, 15 ke nan a raba da 45, ya ba da 0.33. Fili fetal wanda ba ciyawa ya kan tsaya wajen 0.1 zuwa 0.2. Masana na kiran wannan lamba NDVI, mu sai mu ce ma'aunin kore. Wasu malaman jami'a a Texas ta Amurka suka fito da shi a 1973, suna awon ciyawar makiyaya da hotunan tauraron ɗan adam mai suna Landsat, wanda aka harba a 1972.

Ƙasashenmu na bakin hamada suna cikin wuraren da abin ya fara nuna amfaninsa sosai. Bayan farin 1973 aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974 domin lura da ruwa da amfanin gona, bayan yunwar 1984 kuma Amurka ta kafa tsarin gargaɗin yunwa na FEWS a 1985. Duka biyun sun riƙa gwada koren kowace shekara da na shekarun baya, su ga inda damina ta gaza tun kafin kaka. Da irin wannan awo Compton Tucker na hukumar NASA da abokan aikinsa suka nuna a 1991 cewa bakin Sahara ba kullum kudu ya ke yi ba. Ya yiwo kudu ƙwarai har zuwa 1984, da ruwa ya samu kuma ya koma arewa. Nijeriya ma ta harba nata tauraron, NigeriaSat-1, a 2003, yana ɗaukar kore da ja da na bayan ja.

Amma fa ganin lardi dabam, ganin gonar mutum ɗaya dabam. Hoton tauraro ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo lamba ɗaya ya ke bayarwa. Taurarin da aka auna Sahara da su, ɗigonsu ɗaya ya fi kilomita guda faɗi, gonakin unguwa sukutum ke nan a dunƙule. Na Landsat mita 30 ne. Na Sentinel-2, wanda ƙasashen Turai suka fara harbawa a 2015, mita 10 ne, yana kuma zagayowa duk bayan kwana biyar, hotunansa kyauta. Da shi hekta guda za ta sami ɗigo ɗari, wannan kam an matso kusa.

Ko da haka, noman ƙasarmu yana da wuyar karantawa daga sama. Baturen da ya shuka alkama zalla a fili mai faɗi, lambarsa ta alkama ce. Mutumin Kunduru kuwa ga gero, ga dawa, ga wake a tsakani, wani lokaci har da gyaɗa, duk a gona ɗaya, kowanne da lokacin da ya ke rufe ƙasa. Na'ura ba ta san gero daga ciyawa ba, saboda haka gonar malalacin da bai yi maimai ba tana iya fin ta mai himma lamba. Ga kuma itatuwa. Tsamiya da kuka su kan ƙara wa ɗigo koren da ba na shuka ba ne. Gawo ne kaɗai ya yi wa masu awo adalci, da ya ke da damina ya ke zubar da ganye, da rani ya yi sabo. Amma wanda bai san halinsa ba, in ya duba hoton watan Janairu zai ɗauka an yi ban ruwa a tsakiyar jigawa. Sa'an nan a watan Agusta, lokacin marka, sa'ad da aka fi bukatar hoton, gajimare ya kan rufe ƙasa, a yi kwanaki ba a samu mai kyau ba.

Babbar maganar ita ce lambar tana faɗin inda shuka ke wahala, ba ta faɗin dalili. Ƙuduji da ke tsotse saiwar dawa, da tsutsar nan mai cin masara da ta shigo Nijeriya a 2016, da rashin taki, da tsayawar ruwa na mako uku, duk saukar da lamba su ke yi, maganinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Wanda ya zuba yuriya a gonar da ƙishirwa ke damu ya yi asarar kuɗinsa. A ganina, ofishin da ya karɓi taswirar kore ya ajiye malamin gona a kujera bai fahimci aikin taswirar ba. Amfaninta shi ne ta gaya masa ƙauyen da zai fara zuwa, maimakon ya bi gunduma duka a makance.

An gwada matsowa kusa fiye da haka a Kofa, cikin ƙasar Bebeji ta Jihar Kano, a wani aiki da aka fara a 2014 tare da cibiyar ICRISAT. An ɗauki ƙananan gonaki da taurarin da ɗigonsu bai wuce kamar mita biyu ba, ma'aikata kuma suna bin gonakin a ƙasa suna rubuta abin da aka shuka, domin a gwada hoto da zahiri. Akwai kuma na'urar hannu, GreenSeeker, wadda aka ƙirƙira a jami'ar Oklahoma State. Ita da kanta ta ke haska ganye ta auna abin da ya dawo, don haka gajimare ba ya hana ta aiki. Yadda a ke amfani da ita shi ne a ware 'yan kunyoyi a ba su taki isasshe tun farko, in lokacin zuba na biyu ya yi, wajen mako huɗu zuwa shida bayan shuka, a gwada lambarsu da ta sauran gona. In bambancin kaɗan ne, gonar ba ta bukatar taki da yawa. In mai yawa ne, a ƙara. Wannan dabara ta kunyar gwaji kowace gonar makaranta tana iya yin ta bana, ko ba na'ura, yara su riƙa duba launin kunyoyin kowace Litinin suna rubutawa, ranar girbi kuma a auna hatsin kowane sashe da tiya.