Baƙuwa Mai Juna Biyu: Haɗarin Haihuwar Jariri Babu Rai

Ke da aure ko fatauci ya tsallakar da ke iyaka, daga Maraɗi zuwa Jibiya, ko daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, da kai maigida da take ƙarƙashin kulawarka, wannan bayani naku ne.

A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, idan ciki ya kai mako 28 sannan ɗan ya rasu kafin haihuwa ko a lokacin naƙuda, shi ne haihuwar jariri babu rai, kuma ya bambanta da ɓari. Kusan jarirai miliyan 2 ke zuwa haka kowace shekara a duniya, kuma wajen 4 cikin kowane 10 ana tsaka da naƙuda suke rasuwa. Ke nan da rai suka kai ranar haihuwa.

Bincike a ƙasashen Suwidin da Norwe ya nuna cewa matan da suka yi hijira daga Somaliya sun fi 'yan ƙasa fuskantar wannan rashi, alhali asibiti ɗaya suke zuwa. Cikin dalilan da aka gano akwai jinkirin fara awo, da rashin jin harshen likita, da jinkirin kai ƙara idan motsin ɗa ya ragu, da tsoron tiyata. Yawancin waɗannan duk ana iya magance su.

A kan iyakokinmu harshe bai cika raba mu ba, amma takarda tana rabawa. Katin awon Nijar da Faransanci ake cika shi, na Najeriya da Ingilishi. Sai mace ta fara awo a wancan gefe, ta zo goyon ciki gidan iyayenta a wannan gefe, ta bar katin a can don tana ganin ba mai iya karanta shi. Kada ki bar shi. Ungozomar da ta ga jininki ya taɓa hawa za ta sa miki ido tun kafin jijjiga ta zo.

Ki fara awo kafin ciki ya cika wata 3, ko da kunyar cikin fari tana hana ki faɗa. Tun shekarar 2016 shawarar hukumar ita ce a ga ma'aikacin lafiya sau 8 aƙalla. A can za a gwada jininki don gano tunjere, cutar da ke kashe ɗa a ciki uwar ba ta ji komai ba, wadda allurar fenisilin ke warkarwa. Daga wata na 4 za a riƙa ba ki Fansidar don kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wata guda tsakanin sha da sha, sau 3 aƙalla. Ranar awo kan faɗo a ranar kasuwa, gaskiya ne. A bar wa 'yar'uwa rumfa na yini ɗaya.

Daga wata na 7 ki riƙa kwana a kan gefenki, ba rigingine ba, cikin gidan sauro. Ki san yadda ɗanki ya saba motsi. Idan ya ragu, ko kin ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ko kumburin fuska, ki tafi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.

Kai kuma maigida, ka ba da izinin fita tun kafin ka kama hanyar fatauci, ka faɗa a gaban mahaifiyarka, har da izinin tiyata idan likita ya ce sai ita. Ka ajiye kuɗin mota da Naira da Sefa, da lambar direban da zai fito da dare. An rufe iyakar nan a 2019, an sake rufe ta a 2023, don haka ka zaɓi asibitin da ke tiyata da ƙarin jini a gefen da take kwana. Naƙudar da ta kai sa'a 12 a gida ta riga ta yi tsawo.