Kuɗin Man Fetur da Tseren Motoci na Formula 1 a Ƙasashen Yankin Gulf

Gasar Formula 1, wadda ita ce ƙololuwar tseren motoci a duniya, tana cikin wasannin da suka fi cin kuɗi, domin kowace ƙungiya ita ke ƙera motarta, ta riƙe ɗaruruwan injiniyoyi da makanikai, sannan ta yi jigilar mutane da kaya zuwa ƙasashe kusan 20 a kowace shekara. Kamfanin da ke riƙe da haƙƙin kasuwancin gasar, wato Liberty Media na Amurka, wanda ya karɓi ragama a shekarar 2017 bayan Bernie Ecclestone ya daɗe yana juya akalarta, yana samun kuɗin shiga ne daga sayar da izinin nuna tseren a talabijin, da tallace-tallace, da kuma kuɗin karɓar baƙunci, wato abin da kowane gari ke biya duk shekara domin a kawo masa zagaye ɗaya na gasar. Wannan kuɗi na ƙarshe shi ne ƙofar da arzikin man fetur ya bi ya shiga, saboda mai shirya tsere a Turai yana dogara ne da tikitin 'yan kallo wajen mayar da abin da ya kashe, alhali gwamnatin da ke da rijiyoyin mai ba ribar tikiti take nema ba, suna take saye. Jamus, mahaifar Mercedes da Michael Schumacher, ta rasa gurbinta na dindindin bayan 2019, Faransa ma ta rasa nata bayan 2022, amma a cikin zagaye 24 na shekarar 2024 guda huɗu an yi su ne a Bahrain da Saudiyya da Qatar da Abu Dhabi.

Bahrain ce ta buɗe wannan hanya. A shekarar 2004 ta karɓi baƙuncin tseren Formula 1 na farko a Gabas ta Tsakiya, a filin da aka gina a hamadar Sakhir, kusa da wurin da aka fara samun man fetur a ƙasar a 1932. Man Bahrain ba shi da yawa idan aka kwatanta da na maƙwabtanta, shi ya sa masarautar ta ɗauki tseren a matsayin hanyar jawo masu zuba jari da 'yan yawon buɗe ido, kuma Yarima mai jiran gado Salman bin Hamad ne ya tsaya kai da fata har abin ya tabbata. Ba a karɓar baƙunci kawai aka tsaya ba, domin a 2007 asusun jarin gwamnati mai suna Mumtalakat ya sayi kashi 30 cikin 100 na kamfanin McLaren, mai ɗaya daga cikin ƙungiyoyin gasar, ya ci gaba da ƙara hannun jarinsa har ya zama shi ne mai rinjaye. Abu Dhabi ta biyo baya a 2009, Saudiyya da Qatar suka shigo a 2021, yayin da kamfanin mai na Aramco ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ɗaukar nauyin gasar tun daga 2020, daga bisani kuma sunansa ya hau motocin ƙungiyar Aston Martin.

Abin da ya faru a 2011 da 2012 ne ya fito da matsalar da ke tattare da wannan kuɗi fili. Ranar 14 ga Fabrairun 2011, a lokacin guguwar zanga-zangar ƙasashen Larabawa, jama'a suka fito a Bahrain suna neman sauye-sauyen siyasa, mafi yawansu 'yan Shi'a ne da ke kukan ana nuna musu wariya a ƙarƙashin gidan sarautar Al Khalifa na Ahlus Sunna, suka kafa sansani a shataletalen Lu'ulu'u da ke Manama. Ranar 21 ga wannan wata aka sanar da soke tseren da aka shirya yi ranar 13 ga Maris, kuma ya kamata a lura cewa masarautar ce da kanta ta soke, hukumar tseren motoci ta duniya, wato FIA, ba ta riga ta ba. A tsakiyar Maris sojojin Saudiyya da 'yan sandan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka shigo, aka tarwatsa sansanin, aka rushe hasumiyar da ke tsakiyar shataletalen. Kwamitin bincike da Sarki Hamad ya kafa, ƙarƙashin jagorancin masanin shari'a Cherif Bassiouni, ya ba da rahoto a watan Nuwamba inda ya ƙirga mutum 35 da suka mutu daga tsakiyar Fabrairu zuwa tsakiyar Afrilu, biyar daga cikinsu sakamakon azabtarwa a tsare. Duk da haka a watan Yuni, tun kafin wannan rahoto ya fito, FIA ta riga ta yi ƙoƙarin mayar da tseren cikin jadawalin shekarar, sai da ƙungiyoyi suka ƙi sannan aka haƙura, kuma babban abin da suka kafa hujja da shi shi ne wahalar sauya jadawali.

A shekarar da ta biyo baya an yi tseren ranar 22 ga Afrilu, a ƙarƙashin wani take da ke kwatanta ƙasar a matsayin al'umma ɗaya mai murna, alhali a ƙauyukan da ke kewaye da Manama ana ta arangama da hayaƙi mai sa hawaye, ɗan rajin kare haƙƙin ɗan Adam Abdulhadi al-Khawaja yana yajin cin abinci a gidan yari, kuma ana gobe tsere aka tsinci gawar wani mai zanga-zanga, Salah Abbas Habib. Wasu makanikan ƙungiyar Force India sun tsinci kansu a tsakiyar rikici a kan hanyarsu ta komawa masauki, lamarin da ya sa ƙungiyar ta ƙi fita gwaji na biyu. Shugabannin gasar sun nace cewa wasa daban siyasa daban, amma wannan magana ba ta da ƙafar tsayuwa a wurin da gwamnati ce ta gina filin, ita ke biyan kuɗin baƙunci, ita ta mallaki kaso a ɗaya daga cikin ƙungiyoyin, kuma ita ta zaɓi taken da ke shaida wa duniya cewa lafiya lau ake. Masu suka suna kiran wannan dabara wanke suna da wasanni, wato amfani da farin jinin wasa domin kawar da hankalin duniya daga abin da gwamnati ke yi wa mutanenta.

Bayan shekara goma an ga makamancin haka a Jidda. Ranar 12 ga Maris ɗin 2022 Saudiyya ta zartar da hukuncin kisa a kan mutum 81 a rana guda, sannan ranar 25 ga watan, motoci suna cikin gwaji, 'yan Houthi na Yaman suka kai hari a wata ma'ajiyar mai ta Aramco da ake hango hayaƙinta daga filin tseren. Direbobi sun shafe sa'o'i suna taro har cikin tsakar dare, aka ba su tabbacin tsaro, aka yi tsere. Wata guda kafin nan kuwa, cikin kwana ɗaya da shigar sojojin Rasha ƙasar Yukren, an soke tseren Rasha da ake yi a Sochi, ba a jima ba aka yanke yarjejeniyar baki ɗaya. Kwatanta waɗannan matakai biyu yana nuna cewa gasar tana iya juya wa kuɗi baya idan gwamnatocin Yammacin duniya suka matsa, kamar yadda aka gani a 1985 lokacin da ƙungiyoyin Renault da Ligier suka ƙaurace wa tseren Afirka ta Kudu saboda mulkin wariyar launin fata, bisa matsayin gwamnatin Faransa, aka kuma daina zuwa can sai 1992. Inda babu irin wannan matsi, kamar Bahrain da rundunar sojan ruwan Amurka ta biyar ke da mazauni, ko Saudiyya wadda Ingila da Amurka ke sayar wa makamai, lissafin kuɗi ne ke yin rinjaye.

Masu kare zuwan gasar wannan yanki suna da hujjojin da bai kamata a yi watsi da su ba. Suna cewa ƙasashen na da haƙƙin faɗaɗa tattalin arzikinsu kafin man ya ƙare ko duniya ta rage amfani da shi, suna nuna cewa an bai wa mata izinin tuƙi a Saudiyya a watan Yunin 2018, suna kuma tambayar dalilin da ya sa ba a tayar da jijiyar wuya haka a kan tseren Amurka ko na Sin ba. Akwai gaskiya a zargin son kai da ake yi wa wasu masu suka na Turai, sai dai laifin wani ba ya wanke na wani, kuma mutanen da suka fi ɗaga murya a kan tseren Bahrain 'yan ƙasar ne. Najah Yusuf, wata ma'aikaciyar gwamnati, an kama ta a 2017 bayan ta soki tseren da gwamnati a Facebook, aka yanke mata ɗaurin shekara uku, ba a sake ta ba sai a watan Agustan 2019. Wannan ya faru ne bayan kamfanin gasar ya fitar da sanarwa a 2015 yana alƙawarin mutunta haƙƙin ɗan Adam a duk inda yake aiki, alƙawarin da ya biyo bayan ƙorafin da wata ƙungiyar kare haƙƙin mutanen Bahrain ta shigar a Ingila.

Idan da gaske ne zuwan tsere yana kawo sauyi, hanyar auna hakan a bayyane take, wato a duba ko an saki waɗanda aka ɗaure saboda ra'ayinsu, ko ana barin mutane su yi zanga-zanga a makon tsere ba tare da tsoro ba, sannan a rubuta waɗannan sharuɗɗa cikin yarjejeniya ta yadda saɓa musu zai jawo asarar tseren. Abin da aka gani ya sha bamban da haka. Daga 2023 hukumar FIA, wadda Mohammed Ben Sulayem na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ke shugabanta tun Disambar 2021, ta hana direbobi yin furucin siyasa a wurin tsere sai da izininta, bayan shekarun da direbobi irin su Lewis Hamilton da Sebastian Vettel suka riƙa magana a kan irin waɗannan batutuwa. A watan Afrilun 2024 Sarki Hamad ya yi wa fursunoni fiye da 1,500 afuwa, matakin da ya faranta ran iyalai da dama, amma al-Khawaja, wanda aka yanke wa ɗaurin rai da rai tun 2011, ba ya cikinsu, yarjejeniyar tseren Bahrain kuwa tun a 2022 aka riga aka tsawaita ta har zuwa 2036.