Saurin Balagar 'Yan Mata da Sinadarin da Ke Tayar da Ita

A tsakiyar ƙarni na 19, yarinya a arewacin Turai kan fara jinin al'ada tana da shekara 16 zuwa 17, amma zuwa shekarun 1960 abin ya sauko kusan 13, kuma wani nazari na 2020 da ya tattaro bincike daga ƙasashe da dama ya nuna cewa lokacin ƙirgar dangi ya ci gaba da matsowa da kusan wata uku a kowace shekara goma tsakanin 1977 da 2013. Tushen balaga wani sinadari ne da likitoci ke kira GnRH, wanda sashen ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamas ke fitarwa, ya umarci fituwitari, wata 'yar tsoka mai girman ƙwayar wake a ƙasan ƙwaƙwalwa, ta saki sinadaran LH da FSH, su kuma su sa ƙwan mace ya nuna ko maraina su fara samar da maniyyi. Andrew Schally da Roger Guillemin, waɗanda suka gano GnRH, sun samu kyautar Nobel a 1977.

Sinadarin yana aiki a farkon jarirantaka, sannan ya yi lamo tsawon ƙuruciya, don haka tambayar ita ce me ke farkar da shi da wuri. Hujja mafi ƙarfi tana kan ƙiba, domin kitsen jiki yana fitar da sinadarin leftin, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki ya tara abin da zai iya ɗaukar ciki, saƙon kuma yana bi ta wasu jijiyoyi masu fitar da kisfeftin, wanda aka tabbatar a 2003 cewa balaga ba ta farawa idan babu shi. Wannan ne ya sa wadatar abinci ta matso da balaga, yunwa da motsa jiki mai tsanani kuwa suke jinkirta ta. Ana kuma zargin wasu sinadaran robobi da magungunan ƙwari, da damuwa a cikin gida, sai dai hujjarsu ba ta kai ta ƙiba ƙarfi ba.

Yarinyar da ta fara ƙirgar dangi kafin shekara 8 takan zarce sa'o'inta tsayi da farko, amma sinadarin istrojin yana rufe bakin ƙasusuwa da wuri, sai ta tsaya gajera, ga kuma ƙarin haɗarin sankarar mama nan gaba, da nauyin kallon da ake yi mata a matsayin budurwa alhali hankalinta na yarinya ne.

Maganin saurin balaga ya fito daga ɗabi'ar sinadarin GnRH kansa, domin Ernst Knobil ya nuna a 1978, ta gwaji kan birai, cewa fituwitari tana amsawa ne idan GnRH ya zo bugu-bugu, kusan sau ɗaya a awa, idan kuwa ya kwararo babu yankewa sai ta daina amsawa. Allurai irin su leuprolide, da ake yi duk wata ko duk wata uku, suna dakatar da balaga ta wannan hanya har zuwa lokacin da ya dace. Sai dai allurar ta 'yan ƙalilan ce da likita ya tantance, yayin da matsowar balaga a cikin al'umma gaba ɗaya ta fi jingina ga abin da yara ke ci da yawan motsin jikinsu.