Tseren dawakin da likita ke yanke hukunci

Kowa ya san sukuwar salla: gudu kaɗan, ƙura ta tashi, a ja linzami. A jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka akwai wani tsere dabam, ana ce masa Kofin Tebis. An fara shi a shekarar 1955. Doki ɗaya da mahayi ɗaya za su yi kilomita 160 cikin duwatsu da kwazazzabai, awa 24 kaɗai aka ba su. Kusan rabin masu tashi ba su isa ƙarshe.

Da yawa daga cikinsu likitocin dabbobi ne ke tsaida su. Dalili kuwa, doki ba ya cewa ya gaji. In yana ganin ƴan'uwansa gaba, sai ya bi su har ya faɗi. Cikin zafi yana iya zubar da zuffa lita 10 ko fi a awa guda. Jininsa ya yi kauri, hanjinsa ya tsaya, ciwon ciki ya kama shi.

Saboda haka aka kafa matsayai bisa hanya. Likita na fara sauraren zuciya. Dokin da ke hutawa, zuciyarsa na bugawa wajen sau 30 zuwa 40 a minti. A dokar hukumar wasannin dawaki ta duniya, in bugun bai sauko zuwa 64 ba cikin ɗan lokacin da aka yanka, doki ya fita. Sannan likita ya tsunkuli fatar dokin ya saki: in ta jima ba ta kwanta ba, ruwan jiki ya ragu. Ya danna dasashi da yatsa, ja ya kamata ya komo cikin sakan 2. Ya saurari kukan ciki, ya sa a yi sassarfa don ya ga ko akwai ɗingishi.

Wannan aiki ya fi ƙarfin likita ɗaya, don dawaki kan iso matsaya a tare. Akwai masu dubawa, akwai masu magani da ke jira da ledojin ƙarin ruwa. A manyan gasanni, in an yi shakkar tafiyar doki, likitoci 3 ne ke kallo, kowa ya ba da ra'ayinsa a ɓoye. Hakan na da kyau, don mahayi mai kuɗi na iya matsa wa mutum ɗaya. A shekarar 2015 hukumar ta dakatar da Daular Larabawa na ƴan watanni saboda wahalar da dawaki.

Ƴan'uwa makiyaya, tsunkular fata da danna dasashi ba su buƙatar kuɗi. Bugun jini ma ana jin sa da yatsa ƙarƙashin muƙamuƙi. Masu wannan tsere ba su hana ma doki ruwa don yana zuffa: duk inda aka tarar da ruwa ana barinsa ya sha, a kuma zuba masa a wuya da jiki.