Saki, Dukiya da Ciyarwa: Tsakanin Al'adar Bahaushe da Hukuncin Alƙali

1.0 Gabatarwa

Bahaushe na cewa zo mu zauna, zo mu saɓa. In saɓani ya kai ga mutuwar aure, tambayoyi uku ne kan kai mutane gaban alƙali, watau yadda igiyar aure ke tsinkewa, da wanda ke da mallakar kayan da ke cikin gida, da kuma wanda ciyarwa ta rataya a wuyansa. Wannan maƙala za ta duba su bisa mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan arewacin Nijeriya ke bi daga littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, da Mukhtasar na Halil, da Tuhfa ta Ibn Asim. Sashe na 277 na Tsarin Mulki na 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ikon sauraron irin waɗannan ƙararraki. Dokar shari'un aure ta 1970 kuwa auren rajista kaɗai ta shafa.

2.0 Hanyoyin Rabuwa

Ya kamata a fara bambanta yaji da saki. Matar da ta yi yaji tana nan da aurenta, biko kawai take jira. Saki kuwa lafazi ne daga miji, ko da baki ko a takarda. In saki ɗaya ne ko biyu, yana da damar kome kafin idda ta cika, ba tare da sabon sadaki ba. In idda ta cika, sai da yardarta da sabon ɗaurin aure. In ya cika uku, ba ta halatta gare shi sai ta auri wani miji aure na gaskiya, sun tare, sa'an nan sun rabu. Abin da ake kira auren kisan wuta ɓatacce ne a wajen Malikawa. Har ila yau, saki uku a kalma ɗaya, ko da yake bidi'a ne, a mazhabar uku ake lissafa shi.

Mace ma tana da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce hul'i, watau ta fanshi kanta da abin da suka daidaita a kai, ko ya kai sadaki, ko ya gaza, ko ya fi. Ta biyu ita ce ta kai ƙara alƙali ya raba auren saboda cuta, kamar duka, ko rashin ci da sha, ko doguwar tafiyar miji. A nan ne mata da dama kan yi asara, domin sukan biya hul'i alhali suna da hujjar rabuwa ba biya. In ta tabbata daga baya cewa cutar miji ce ta tilasta mata fansar kanta, sakin ya zauna, kuma za a mayar mata da abin da ta bayar.

3.0 Mallakar Dukiya

A shari'ar Musulunci aure ba ya haɗa dukiyar miji da ta mata, saboda haka ba a raba dukiya biyu don an rabu. Kowa abin da ya mallaka shi zai ɗauka. Sadaki na mace ne dungum in an tare, rabi kuwa in an sake ta kafin tarewa. Kayan ɗaki da iyayenta suka yi mata nata ne, haka nan abin da ta tara ta hanyar sana'a ko kiwo ko adashi.

Rikici kan taso ne a kan kayan da ba shaida. A nan shari'a ta jingina da al'ada: abin da aka san na mata ne, kamar tasoshi da kayan ado, a ba matar bayan ta yi rantsuwa. Abin da aka san na maza ne, ko wanda maza da mata duka kan mallaka, a ba mijin bayan rantsuwarsa. Ke nan matar da ta sa kuɗinta a ginin gida ko sayen gona ba tare da shaidu ko takarda ba, tana iya fita hannu rabbana, ko da kuwa gaskiya na wajenta.

4.0 Ciyarwa da Reno

Idda tsarki uku ce ga mai haila, wata uku ga wadda ba ta yi, haihuwa kuma ga mai ciki. A sakin da ke da kome, ci da tufa da wurin kwana duka suna kan miji har idda ta ƙare. A sakin da ba kome, wurin zama kaɗai take da shi, sai fa in tana da ciki, to, ciyarwa ta wajaba har ta sauka. Al'adar nan ta mace ta kwashe kaya ta koma gidan iyayenta ranar da aka sake ta, ta saɓa wa wannan hukunci, tana kuma sauke wa miji nauyin da shari'a ta ɗora masa. Bayan idda babu sauran ciyarwa. Kyautar sallama da ake kira mut'a mustahabbi ce, alƙali ba ya tilasta ta.

Game da 'ya'ya, an saba uba ya karɓe yaro da zarar an yaye shi. Malikiyya kuwa ta bar wa uwa reno har namiji ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji. In uwar ta auri bare, renon ya koma ga kakar yaro ta wajen uwa, sa'an nan innarsa 'yar'uwar uwa. A duk inda yaro yake, ciyar da shi na kan ubansa.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya ganin cewa yawancin haƙƙin da bazawara ke rasawa, al'ada da rashin sani ne ke danne shi, alhali yana nan rubuce a littattafan da alƙalai ke hukunci da su. Aikin da ke gaban malamai da manazarta shi ne fayyace ma'anar kalmomin yaji, da kome, da hul'i, da reno cikin Hausar da kowa zai gane, domin wanda bai san haƙƙinsa ba, ba zai neme shi ba.