Cefane ta waya a Rano da Kibiya: abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba

Idan ka buɗe manhajar kawo cefane gida a Rano ko Kibiya, da wuya ka ga shagon da zai kawo maka. Jumia Food ma da ta yi suna ta rufe a Najeriya a Disambar 2023, sauran kuma sun fi karkata ga manyan birane irin Legas da Abuja. Lissafi ne kawai: kuɗin man da za a ƙona a kai kaya ƙauye ya fi ribar da za a ci.

To amma buƙatar tana nan. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a ƙasar nan ta haura kashi 40 cikin ɗari, kuma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Kano 'yan ƙasa da shekara 5 tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Idan aljihu ya matse, wake da ƙwai da kifi ake fara sokewa, a bar tuwo da miyar kuka. Ciki ya cika, jiki bai samu ba.

A Amurka, tun 2019 aka fara barin masu karɓar tallafin abinci na gwamnati su yi sayayya da katinsu a Amazon da Walmart. Mu nan abin da ya fi dacewa da mu shi ne dabarar Pricepally, wani kamfanin Legas da ke haɗa mutane su sayi buhu ɗaya su raba. Karo-karo ke nan, kuma iyayenmu sun daɗe suna yi. Ba sai da manhaja ta musamman ba, WhatsApp da asusun OPay ko Moniepoint sun isa.

A ce gida goma ne a unguwarku. Ka buɗe guruf, ka yi amfani da wurin ƙuri'a na WhatsApp kowa ya zaɓi abin da yake so, wake ko waken suya ko gyaɗa. Wanda bai iya rubutu ba ya turo saƙon murya. Sai ka tambayi farashin buhu wajen dillalai biyu ko uku, ɗaya a kasuwar garinku, ɗaya a Dawanau, ka ɗora kuɗin mota da na dako a kai, ka raba da yawan kwanon da ke cikin buhun. Nan ne gaskiya take fitowa. Sau da yawa, musamman da kaka, za ka tarar na gida ya fi araha, don hatsin daga ƙauyukanmu yake tafiya birni. Wayar ta yi aikinta ko da ba ka sayi komai daga nesa ba, tunda ta hana a yi maka tsada.

Kayan miya kam kada ka wahalar da kanka. Ruwan Tiga da ke bi ta Ruwan Kanya shi ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, kuma Kwanar Gafan ba nisa. Lokacin da tumatur ya yi arha ku haɗu ku sayi kwando, a yanka a shanya. Abin da ya cancanci a aiko daga birni shi ne wanda ba ya saurin lalacewa: man girki na galan, busasshen kifi, gishiri mai sinadarin aidin. Kafin ka tura kuɗi, ka sa mai shago ya ɗauko maka hoton jikin galan ɗin, ka duba lambar NAFDAC da tambarin ido mai nuna an ƙara bitamin A. Man da ake aunawa a kwalba ba shi da wannan shaida.

Akwai abin da allon waya ba ya nunawa. Hoto ba ya wari, don haka ba za ka san waken da aka zuba wa maganin ƙwari ba. Ku sa wanda kuka sani ya je ya sa hannu a buhun, ko ku tsaya kan dillali ɗaya da aka san shagonsa. Wanda kuka haɗu da shi a Facebook jiya, yau ya ce a tura kuɗi duka, ku rabu da shi.

Kai mai riƙe kuɗin jama'a kuma, kada ka yarda da hoton rasit, ka shiga asusunka ka ga kuɗin da idonka. Ka lissafa harajin naira 50 da ake cira a kan turawar da ta kai naira 10,000, ka ɗauki lambar direba da ta motarsa a tasha, ka sa duka a guruf kowa ya gani. Ranar rabo a yi awo da kwano ɗaya, a gaban kowa.