KAMUN KAI: GANUWAR DA SAMARIN KIRISTA NA BAUCI KE GINAWA

Duk wanda ya san garin Bauci ya san Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti da Ƙofar Nasarawa, ko da ya ke ganuwar da ƙofofin nan su ke jikinta ta zube tuni, sai ɗan burbushi nan da can. Malam Yakubu, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne ya kafa garin a wajen 1809, ya kuma kewaye shi da ganuwa mai tsawon fiye da kilomita 10. Mutanen wancan zamani sun san garin da ba shi da ganuwa ganima ce ga kowane mahari.

To, irin wannan misali ne ya zo cikin littafin Karin Magana, sura 25, aya 28, inda aka kwatanta mutumin da ba ya iya mallakar zuciyarsa da birnin da ganuwarsa ta rushe. Shi ya sa batun kamun kai ba ya barin bakin fastoci da shugabannin matasa a majami'un Yalwa da Gwallameji da sauran unguwannin da Kirista su ke da yawa a garin.

Kamun kai a wurin Kirista ya wuce halin kirki da mutum kan taso da shi daga gida. Cikin wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa, sura 5, Manzo Bulus ya lissafta halaye 9 waɗanda ya ce Ruhu Mai Tsarki ne ke haifar da su a cikin mai bi, ya fara da ƙauna, ya rufe da kamun kai. Haka kuma da ya rubuta wa Titus yana jera abin da za a koya wa tsofaffi da mata, da ya zo kan samari sai ya sa kamun kai a gaba. Malaman ikilisiya na fassara wannan da cewa saurayin da ya mallaki kansa, sauran halayen kirki ba za su yi masa wuya ba.

ABUBUWAN DA KE KAI HARI

Bauci gari ne na ɗalibai. Akwai Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da aka kafa a 1980, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1979. Samari da yawa daga Tafawa Ɓalewa da Bogoro da Dass da jihohin maƙwabta a nan su ke fara zama su kaɗai, ba uwa ba uba, ba mai tambayarsu inda su ka kwana.

Na farkon maharan shi ne kayan maye. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a 2019 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne su ka yi mu'amala da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda. A watan Mayu na 2018 sai da Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Ƙwaya kuwa ba ta tambayar addinin mai shanta, haka nan giya da burkutu.

Na biyu shi ne cacar ƙwallo. A da sai mutum ya taka zuwa gidan caca, idon jama'a na kansa. Yau tana cikin wayar da ke aljihunsa, kuma wayar nan ita ce ƙofar hotunan batsa. Kuɗin makaranta da uba ya sayar da buhun masara ya aiko kan salwanta cikin dare guda.

Na uku shi ne fushi, kuma shi ne mafi tsada. Mutanen Bauci ba su manta da rikicin watan Afrilu na 1991 ba, wanda ya tashi daga Tafawa Ɓalewa ya bazu har cikin birni, aka yi asarar rayuka da dukiya. A kowane irin rikici samari ne a ke turawa gaba, daga kowane ɓangare, su ne kuma a ke binnewa. Saurayin da ya ji jita-jita ya tsaya ya bincika kafin ya ɗauki sanda, lalle ya ceci ran wani, watakila ma nasa.

YADDA A KE GININ

Kafin hannu ya aikata, zuciya ce ke fara ɗaukar cikin abin. Haka wasiƙar Yakubu ta bayyana a sura ta farko: sha'awa ce ke jan mutum, ita ke haifar da zunubi, zunubi kuma ya kai ga mutuwa. Saboda haka horon da a ke ba samari ya fi ƙarfi a wajen tare abin tun daga tushe.

Ana farawa da addu'ar asuba da karatun Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkensa da Hausa tun 1932. Sai azumi. Mabiya Katolika da Angalikan na da azumin kwana 40 kafin Ista, wanda ke farawa ranar Larabar Toka, sauran ikilisiyoyi irin su ECWA da COCIN kuma su kan keɓe nasu ranakun. Hikimar ita ce wanda ya iya hana cikinsa abinci da ya halatta, zai fi iya hana kansa abin da aka haramta. Musulmi ma sun san wannan darasi daga watan Ramalana.

Sai kuma gudu. Ana yawan tuna wa samari labarin Yusufu a gidan Fotifar, wanda bai tsaya gardama da matar maigidansa ba, ya bar rigarsa a hannunta ya fice. Kishiyarsa shi ne Samson, mai ƙarfin da ya yaga zaki, amma ya kasa riƙe sirrinsa a gaban Dalila. Darasin a fili ya ke: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya san mashaya ce rauninsa, to ya sake hanyar komawa gida. Wanda ya san waya ce, kada ya kwana da ita a ƙarƙashin matashi.

Na ƙarshe shi ne abokai, domin zama da maɗaukin kanwa shi kan kawo farin kai. A nan ne ƙungiyoyi ke da amfani. Ƙungiyar Boys' Brigade, wadda William Alexander Smith ya kafa a birnin Glasgow a 1883, ta iso Nijeriya a 1908, kuma faretin da yaranta ke yi da ganga da ƙaho hanya ce ta koya musu biyayya da ladabi. Ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS kuwa a Gindiri aka kafa ta a 1957. A irin waɗannan wurare saurayi kan sami aminin da zai faɗa wa damuwarsa ba tare da ya ji ta a kasuwar Wunti ba.

Bulus ya yi wa mutanen Korinti misali da 'yan tsere, waɗanda ke hana kansu daɗi saboda rawanin ganye mai bushewa. Duk yaron da ya taɓa ganin 'yan wasan Wikki Tourists na motsa jiki ya san ba ranar wasa a ke neman ƙarfi ba.

NAUYIN MANYA

Amma fa ba daidai ba ne a ɗora wa samari kayan duka. Uban da ke wa'azin kamun kai da kwalba a hannu, da wuya ɗansa ya saurare shi. Iyayen da ke tsawwala kuɗin aure har saurayi ya kai shekara 35 bai ajiye iyali ba, su ma suna da hannu cikin abin da zai biyo baya. Rashin aikin yi kuma shi ne babban abokin shaiɗan, don haka ikilisiyar da ta koya wa yaro kafinta ko walda ta yi masa wa'azin da zai daɗe yana tunawa.

Haka nan wanda ya faɗi kada a kore shi. Sarki Dauda ya yi babban zunubi kan Batsheba, amma da Annabi Natan ya tsawata masa ya tuba, aka karɓi tubansa. Saurayin da aka tozarta a gaban jama'a ba majami'a zai koma ba, wurin waɗanda su ka ɓata shi zai koma.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Samarin da ke zaune a kujerun baya na majami'un Bauci yau, su ne magidanta da dattawan ikilisiya na gobe, su ne kuma maƙwabtan da Musulmi za su ci gaba da zama da su. Allah ya shirya mana zuriya baki ɗaya, amin.